Ƙarni da Ƙamshi

Litinin, 6 ga Mayu

Yau a layin taron safe Rediyo ta kawo hancinta kusa da kafaɗata ta ce, "Wai wa ke ƙarni a nan?" Ba ta iya magana a hankali ba, shi ya sa aka sa mata sunan. Duk layin suka juyo. Na duba, ashe tumbuɗin yaron ne a hijabina, ya bushe ya yi fari kamar taswira. Umma ce ta miƙo min shi da safe ta ce in riƙe ta sauke ruwan zafi, ban lura ba.

Rediyo ta ce, "Ko dai kin haihu ne ba mu da labari?" Aka yi dariya, har da Monita. Na ce madara ce ta zube min.

A ajinmu babu wanda ya san Umma ta haihu sai Doguwa, ƙawata. Watan yaron uku. Ni shekarata goma sha shida. Na san ba laifi ba ne. Na ma san alheri ne, don na ga sau nawa Umma ta kwanta asibiti ta dawo hannu wofi, ta shiga ɗaki ta ja ƙofa. Amma ta yaya zan buɗe baki in ce uwata mai furfura a gefen kunne tana shayarwa? Za su zauna su yi lissafi. 'Yan ajinmu sun fi iya irin wannan lissafin a kan na allo.

Talata, 7 ga Mayu

Tun da aka haifi yaron Baba ya sa mini "Auta mai ritaya". Shi kuma yaron "Manaja", wai don duk gidan da izininsa ake barci da tashi. Kowa na dariya. Ni ma ina yi.

Ni dai yaron nake ce masa.

Alhamis, 9 ga Mayu

Na sa Doguwa ta sansana ni ta faɗa min gaskiya tsakaninta da Allah. Ta ce ba sosai ba. Wato akwai ke nan.

Ta ce yayarta na sayar da wani ruwan ƙamshi da ake zubawa a ɗaurayar ƙarshe, kaya su yi ta ƙamshi ko an goge su. Na ba ta kuɗin tarana. Na ce kada ta kawo min a aji, ta ba ni a bayan ɗakin gwaje-gwaje.

Asabar, 11 ga Mayu

Wankin gida nawa ne tun da Umma ta haihu, don haka ba wanda ya tambaye ni komai. A jikin kwalbar an rubuta murfi ɗaya a baho. Na zuba uku. Na yi tunani, idan yunifom ɗina kaɗai na sa wa, ai zai koma ya kwashi ƙarnin a cikin gida. Sai na haɗa komai: zannuwan Umma, rigunanta, zanen gado, rigunan matashi, tawul, zanen goyo, har da rigunanta na ciki da take buɗewa ta ba shi. Waɗannan na fi jiƙa su, don su suka fi.

Igiya ta cika, tsakar gida kamar kantin turare. Umma na fama da mura tun shekaranjiya, hancinta a toshe, ba ta ji komai ba. Ta ce dai Allah ya yi min albarka.

Baba ya dawo daga shago, hannunsa duk baƙin man firiji, ya tsaya a ƙofa ya ce wa Umma, "Yau kuma amarya aka kawo min?" Ta ce ya rabu da ita da tsokana, ita da ko mai ba ta shafa ba.

Lahadi, 12 ga Mayu

Na goge kaya, na ninke. Yaron ya wuni yana rigima.

Litinin, 13 ga Mayu

Rediyo da kanta ta tambaye ni wane turare na sa. Na ce na manta sunansa. Na ji daɗi, ba zan ɓoye ba. Har na ɗaga hannu a darasin lissafi.

Da na dawo na tarar da Umma a bakin gado da shi. Ta sa shi a nono, ya buɗe baki kamar zai kama, sai ya juyar da kai ya banƙare ya fasa kuka. Ta juya shi ɗaya gefen, haka. Ta ce tun jiya yake yi, sai dai ya ɗan tsotsa cikin barci ya saki. Ta ce wataƙila murarta ce ya ɗauka.

Ba na son kallon Umma idan tana ba shi. Kullum sai in sami abin yi a kicin.

Talata, 14 ga Mayu

Bai kama ba. Kukansa ya canza, ya zama siriri. Gaban rigar Umma duk ya jiƙe, tana cije leɓe idan ta ɗaga hannu. Baba ya rufe shago tun azahar, ya zauna yana ce masa, "Haba Manaja, yajin aiki kuma? Faɗi buƙatunka a biya." Ba wanda ya yi dariya, shi ma ya daina.

Laraba, 15 ga Mayu

Ban je makaranta ba. Baba na da aikin da ya yi alkawari, Umma kuma jiri take ji, sai aka ce in raka ta asibitin yara.

Benci uku, duk a cike. Umma ta je karɓar kati ta bar min shi. Wata mata kusa da ni ta leƙa fuskarsa ta ce, "Masha Allah, na fari ne? Ke kuwa ƙarama da ke." Daidai lokacin Umma ta dawo. Na miƙa shi da sauri na ce, "Ba nawa ba ne. Nata ne."

Nata ne. Ban ce Ummata ba. Ban ce komai ba sai wannan. Umma ta karɓe shi ta gyara masa hula.

Nas ɗin gajeruwa ce mai saurin hannu. Ta ɗora shi a sikeli, ta ce ya ɗan ragu. Ta haska bakinsa, ta duba kunnuwansa da hancinsa, ta taɓa maɗigarsa, ta auna zafin jiki. Ta ce ba ta ga ciwo ba. Ta tambayi sau nawa yake jiƙa nafkin, Umma ta faɗa, ta ce ya yi kaɗan amma ba a kai ga tashin hankali ba tukuna. Ta ce wani lokaci jarirai kan yi haka, su ƙi nono alhali suna jin yunwa. Ta fara jero tambayoyi. An tsorata shi yana sha? An ba shi fida? Sannan ta ce, "Kin canza turare, ko sabulun wanka, ko man shafawa? Jariri da hanci yake gane uwarsa."

Umma ta ce rabonta da turare tun kafin ta haihu.

Nas ta ja hanci ta ce, "To wannan ƙamshin da ya cika min ofis fa?"

Umma ta ce, "Ni ba na ji. Na 'yanmata ne, ga ta nan."

Nas ta dube ni ta ce, "Ke 'yar makaranta, a rage idan za a ɗauki yaro." Na ce to.

To kawai na ce. Amsar na bakina kamar yadda takan zo min a aji in kasa ɗaga hannu. Rigar da ke jikin Umma a lokacin ni na jiƙa ta.

Ta koya mana yadda za a tatsa a ba shi da ƙaramin kofi, kada nonon ya ƙafe, kada shi kuma ya bushe. Ta ce idan ya daina jiƙa nafkin, ko ya yi laushi, ko zazzaɓi ya zo, mu dawo nan take, kada mu jira ranar awo.

A mota Umma ba ta yi min magana ba. Ta taga take kallo.

Alhamis, 16 ga Mayu

Idan Umma ta riƙe kofin kuka yake yi, yana jujjuya kai yana neman abin da ke gabansa. Hannun Baba ya yi girma, rabi a wuya yake zuba masa. Sai aka ce in gwada.

Ana zaunar da shi ne a cinya, a tallafe ƙeya, a ɗora bakin kofin a leɓensa na ƙasa, a karkata har nonon ya taɓa. Ba a zubawa. Shi zai lasa da kansa, kamar ɗan kyanwa. Ya ɗauki lokaci. Yana sha yana kallona bai ko ƙifta ba. Ban taɓa lura ba, girarsa irin tawa ce, wadda ta haɗe a tsakiya, wadda nake jin haushi.

Wataƙila ba ƙamshin ba ne. Nas ta ce abubuwa da yawa na sa haka. Wataƙila murar ce.

Juma'a, 17 ga Mayu

Na kwashe rigunan Umma daga akwati na sake ɗauraye su da ruwa zalla. Ta ce me ya sa nake wanke wankakku, na ce sun faɗo ƙasa ne. Sun bushe, na sansana. Yana nan. Ya ragu, amma yana nan. Ga zanen gado, ga matashi, ga katifar ma ta ɗauka. Ba zan iya kwashe ɗaki guda a ɓoye ba.

Kwalbar na ƙasan jakar makarantata. Na wuce kwata sau biyu da niyyar juye ta. Idan na zubar, ai shi ke nan, ba wanda zai taɓa sani. Ban zubar ba, ban kuma san dalili ba.

A gwajin ilimin halittu na ci tara cikin goma. Ina amfaninsa?

Asabar, 18 ga Mayu

Goggo ta zo, yayar Baba. Da jakarta ta kwana biyu, da gwangwanin madarar jarirai da fida sabuwa a leda. Tana shigowa ta ce, "Kai, gidan ƙanena ya zama na 'yan gayu," ta wuce.

Ta ɗaga yaron ta juya shi ta ce, "Wannan ai ya zube. Ina kumatun da na bari?" Ta ce wa Umma, "Ke ma ki yi wa kanki adalci. Komai da lokacinsa. Nonon da ya shayar da wannan ƙatuwar," ta nuna ni da baki, "shi za ki ce yana nan yadda yake? Ya tsufa, ya salance. Yaro ba ya ƙarya."

Ba da mugunta take faɗa ba. Haka bakinta yake, kuma ita ta yi jinyar Umma a duk kwanciyar da ta yi.

Baba ya ce nas ta ce a ci gaba da tatsa. Goggo ta ce, "Nas ce za ta zo ta yi ta matsa har yaushe? Dubi matarka, ta zama kamar tsumma." Ta ce zuwa gobe da yamma idan bai kama ba a haƙura, a sa masa fida, a bar nonon ya ƙafe kowa ya huta.

Ina wanke kofinsa a bakin famfo, tagar ɗakin a buɗe. Na ji Umma na cewa, "Wataƙila gaskiyarki ce, Yaya. Na zo da abu a ƙurarren lokaci. Babbar kunyata take ji, ƙaramin ƙyamata yake yi." Goggo ta ce wace irin magana ce wannan. Umma ta ce, "A asibiti cewa ta yi, nata ne. Kamar a mota muka haɗu."

Ashe ta ji. Ashe ta riƙe.

Na daɗe a bakin famfon, ruwa na zuba a ƙafata.

Lahadi, 19 ga Mayu

Na shirya maganar tun safe, jimla-jimla, kamar ta muhawara. Da na shiga ɗakin duk ta gudu. Goggo na zaune a tabarma ta riga ta tafasa fidar, tana karanta jikin gwangwani da tabarau a kan hanci. Umma na bakin gado. Baba a ƙofa.

Na ajiye kwalbar a tsakiyar tabarma na tsaya.

Goggo ta ce, "Wannan kuma maganin mene ne?" Ta buɗe ta sansana ta yi atishawa har sau biyu.

Na ce na wanki ne. Na ce ni na zuba. Na ce a komai, har da na ciki. Na ce tun ranar Asabar waccan, kuma washegari ya fara. Na ce nas ta tambaya.

Baba ya ce, "Au, amaryar ke nan."

Goggo ta ce, "Ke da ake cewa kin fi kowa ƙwaƙwalwa a dangi? Murfi nawa?" Na ce uku. Ta ce, "Uku! Ai ko ni aka naɗe a wannan sai in manta sunan mijina."

Umma ba ta ɗaga murya ba. Da ma ta ɗaga. Ta ce, "Me ya sa?"

Na ce a makaranta ne aka ce ina ƙarni.

Ta dube ni, ta dubi gaban rigarta da ya jiƙe, ta ce, "Ashe ƙarni muke miki."

Goggo ce ta miƙe ta fara ba da umarni kamar da ma shawararta ce. A yaye zanen gado. A fitar da katifa rana. Umma ta yi wanka da ruwa zalla. Aka nemi abin da za ta sa, duk gidan babu tsumma ɗaya da ban taɓa ba, sai zanen Goggo na canji da wata tsohuwar rigar Baba da ya manta a shago. Umma ta ɗaura zanen a ƙugu, aka tuɓe yaron aka kwantar mata a ƙirji, fata da fata, aka ja labule.

Bai kama ba. Amma bai banƙare ba. Ya yi ta goga hanci a jikinta har barci ya ɗauke shi.

Yamma ta yi, Goggo ta dubi fidar, ta dubi labulen, ta mayar da ita leda. Ta ce, "A ƙara masa kwana biyu. Manaja ne, ba a yi masa gaggawa."

Litinin, 20 ga Mayu

Na dawo na yi wanki da ruwan zafi da sabulun da muka saba. Hannuna ya yi jawur. Har yanzu kofi. Umma na aike na, ina zuwa. Miƙo, ajiye, rufe ƙofa. Ba ta kira ni Auta ba, ba ta kira ni komai ba.

Talata, 21 ga Mayu

Bayan la'asar. Ina ninke kaya a ƙasa, Umma na kwance da shi yana tsakanin barci da farkawa. Sai na ji ɗakin ya yi wani irin shiru. Sannan wani ɗan sauti, ƙut, ƙut, ƙut.

Na ɗaga kai. Ya kama. Hannunsa ɗaya a buɗe a kan ƙirjinta, kunnensa na motsi duk haɗiya. Umma ta ɗaga min yatsa kada in motsa. Hawaye na gangarowa ta gefen idonta yana shiga kunnenta, ba ta share ba don kada ta girgiza shi.

Ban tafi kicin ba. Na zauna da rigar Baba a hannu har ya saki da kansa, nono na bin gefen bakinsa.

Goggo ta leƙo ta ce a hankali, irin nata hankalin, "To, ashe bai salance ba."

Alhamis, 23 ga Mayu

Umma da Baba sun kai shi awo. Ya fara mayar da nauyinsa. Nas ta ce zai iya zama ƙamshin, zai iya zama murar, zai iya zama duka biyun, ba mai rantsewa. Baba ya gaya min haka don ya sauƙaƙa min. Na gode masa, amma ni na san abin da na yi shiru a kai.

Goggo ta tafi jiya. Ta tafi da kwalbar, wai kada a yi asara, labulenta ba ya shan nono.

Hancin Umma ya buɗe. Ɗazu ta ciro wani ɗankwali da ya maƙale a bayan akwati, ta kai hanci ta yi baya. Ta ce, "Innalillahi. A cikin wannan na kwana bakwai? Ai ko ni zan ƙi kaina." Ta yi dariya, ni ma na yi, sai tawa ta juye ta zama kuka. Na ce Umma ki yi haƙuri, ba wankin kaɗai ba, har na asibiti.

Ta ɗauki tawul ɗin da take goge masa baki, ta sansana, ta ce, "Ni kuwa ƙarnin nan, shekara nawa ina roƙon Allah shi."

Sannan ta ce, "Tashi, Auta, ki ɗauko min shi, ya farka."

Litinin, 27 ga Mayu

Ya ƙoshi ya yi nak da safe, na ɗora shi a kafaɗa don ya yi gyatsa, ya yi har da ƙari a hijabina. Na gani sarai. Akwai wani hijabin a igiya, amma na ga kamar zan makara.

A layi Rediyo ta ce, "Yau ma madarar ce ta zube?"

Na ce, "Ƙanena ne. Ya ƙoshi ne."

Ta ce ƙanenki na ina, na ce na gidanmu, Ummata ce ta haifa, ya kusa wata huɗu. Kafin a tashi tara har 'yan ajin ƙasa sun ji. Wasu sun yi lissafinsu, na gan su. Kunnuwana sun yi zafi har aka tashi. Monita ta ce in kawo hotonsa.

Ba wani abu ba ne. Sauri nake yi kawai. Ko da yake da na isa, maigadi bai ma gama buɗe ƙofa ba.